Laftof ɗina ta ɗauke ana tsakiyar wasa, ko fitilar caji ba ta kawowa

Abba (Litinin, 11:48 na dare)
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah agajin gaggawa nake nema. Laftof ɗina ta ɗauke ɗazu wajen goma da rabi, kuma har yanzu ta ƙi tashi. Irin ta masu wasa ce, Core i7 da RTX 3050, ta hannu na saya shekara ɗaya da rabi ke nan. Tun la'asar take aiki, na gama fitar da hotunan zanen ginin furojet ɗina, sai na ce bari in buga ƙwallo wasa biyu in kwanta. Ana ciki aka ɗauke wuta, yaran gida suka tada ƙaramin janareta, ni kuma ban zare caja ba. Ba a yi minti goma ba na ji wata 'yar ƙara, tas, allon ya yi baƙi ƙirin, fanka ta tsaya cak. Na danna maɓallin kunnawa ya fi sau ashirin. Babu fitilar caji, babu hasken madannai, babu komai. Furojet ɗina na ƙarshe yana ciki, Litinin mai zuwa zan kai wa malamina babi na huɗu da zane-zanen. Ina zan fara?

Sadik
Wa alaikumus salam. Zafi ne wannan, Abba. Afrilu muke ciki, da rana garin nan namu na Kano yana haura digiri 40, ɗaki kuwa ba ya hucewa har tsakar dare. Ka ɗora mata aiki tun la'asar sannan ka ƙara mata da wasa. Ka ajiye ta ta huce, da safe za ta tashi. Tawa ta sha yi min haka.

Abba
Ta fi awa ɗaya a gaban fanka, sanyi ƙalau take yanzu. Shiru ne dai.

Ummi
Sannu Abba. Ka zare caja da linzami da duk abin da ke jikinta, ka danne maɓallin kunnawa kada ka saki sai ka ƙirga arba'in, ko ma sittin. Sai ka jona caja ka gwada. Akwai wani ɗan cif a ciki da ke kula da kunnawa da caji, wani lokacin rikicewa yake, dannewar nan ce ke dawo da shi hayyacinsa. In kuma akwai ɗan rami a ƙasanta mai alamar batir, kamar yadda wasu Acer ke da shi, ka sa tsinken allura ka danne shi na ɗan lokaci. Tawa da haka ta tashi bara.

Abba
Na yi sau uku, har minti ɗaya na riƙe. Tawa ba ta da ramin. Amma na lura da wani abu: in na jona cajar a bango ita kaɗai, fitilarta tana kamawa. Da na soka bakinta a laftof sai fitilar ta mutu nan take. Ba ta dawowa sai na zare ta daga bango na ɗan jira.

Sadik
To ai shi ke nan, cajar ce ta mutu. Gobe ka shiga kasuwar Farm Centre ko titin Beirut ka sayi wata.

Malam Kabiru (Talata, 6:05 na safe)
Salamu alaikum. Yanzu na idar da salla na ga wannan magana. Abba ƙanena, abu na farko: kada ka sake soka cajar nan, kada ka sake danna maɓallin. Ajiye ta haka.

Abin da ka faɗa na ƙarshe ya fi duk sauran bayanin amfani a wurina. Caja tana da kariya a cikinta. In aka ja mata wutar da ta wuce ƙarfinta sai ta kashe kanta, ba ta dawowa sai an raba ta da bango. Tunda ita kaɗai tana kamawa, sai an haɗa ta da laftof take mutuwa, to abu biyu ne. Ko dai cajar ta raunana har ba ta iya ɗaukar ko ɗan kaya, ko kuma, wanda na fi zato, akwai shot a cikin laftof ɗin. Wato wani abu a kan babban layin wuta ya haɗe da negatif, duk wutar da ta shigo can take zurarewa. Shi ya sa batir ma bai tashe ta ba, don shi da caja layi ɗaya suke ciyarwa, kuma shi ma yana da kariyar da ke rufe shi in ya ji shot. Ƙarar nan da ka ji ma ta dace da haka.

Sadik, maganar zafi ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce wannan ba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof, in ta doshi digiri 95 zuwa 100 rage gudu take yi, in abin ya ƙi sai ta kashe na'urar don ta tsira. Wannan kashewar kariya ce, da ta huce za ta tashi, kuma fitilar caji ba ta ɗaukewa. Laftof da ta kwana ko fitila ba ta kawowa, matsalarta tana gaba da furosesa, tana hanyar da wuta ke bi kafin ta isa can.

Abba, turo min hoton rubutun da ke ƙasan laftof ɗin da na jikin cajar. Kuma ita ce cajar da ta zo da ita?

Abba
Ina kwana Malam, na gode. Ga hotunan nan. A'a, ba ita ba ce. Ta asalin wayarta ta tsinke daga gindi wajen wata biyu da suka wuce, na sayi wannan a kasuwa. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne.

Malam Kabiru
Lafiya lau ƙanena. Laftof ɗinka 19.5V da 9.23A take nema. In ka ninka su, wat 180 ke nan. A jikin cajar ma haka aka rubuta, sai dai rubutu ba shi da wahala. In ka ɗaga ta, nauyinta ya kai na tsohuwar?

Abba
Ko kusa. Wannan shafal take, kuma tana ɗaukar zafi sosai in ina wasa, har ba na iya riƙe ta.

Sadik
Kun ga ni? Cajar ce. Malam, da girmanka, amma ni ban ga dalilin da za a tsorata yaro da maganar shot ba alhali ga jabun caja a fili. A canza ta tukuna mana.

Malam Kabiru
Ban ce cajar lafiyarta ƙalau ba, Sadik. Ina ma a ce ita kaɗai ce. Amma kada ya kashe kuɗin sabuwa kafin ya sani. In akwai mai ta asali da ta yi daidai da ita a bolt da baki, kuma wat ɗinta bai gaza 180 ba, a gwada sau ɗaya tak. In ta mutu ita ma, magana ta ƙare, kada a maimaita. Ku lura da bakin sosai. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da ɗan tsinke a tsakiya wanda laftof ke gane cajar da shi, na Lenovo da yawa kuma bakin mai kusurwa huɗu ne. Don baki ya shiga rami ba shi ke nufin nata ba ne. Kuma kada wanda ya ɗauki cajar Abba ya gwada a tasa laftof ɗin don ya ga ko tana aiki.

Mubarak
Irin tawa ce sak, tare ma muka je sayen tasa. Ina Kabuga, Abba in za ka wuce makaranta ka biyo mu gwada.

Anti Maryam
Ku yi haƙuri in katse ku. Kowa yana maganar laftof, ni furojet ɗin nake ji. Abba, akwai kwafinsa a wani wuri? Filas, imel, Google Drive?

Abba
Babi na ɗaya zuwa na uku suna imel ɗin da na tura wa malamina. Babi na huɗu da duk zanen suna cikinta kawai, Anti.

Anti Maryam
To ka kwantar da hankalinka, aikinka ba a kan bod (babban faifan da kayan cikin laftof ke manne a kai) yake ba, yana cikin SSD, ma'ajiyar fayiloli, wani ɗan siririn kati da sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Shot a layin caja galibi ba ya taɓa shi. Duk inda za ka kai gyara, abu na farko a cire maka shi a gabanka ka sa a aljihu. Akwai ɗan gidan da ake saka shi a jona a wata kwamfutar ta USB, ana samu a kasuwa, sai dai ka duba ko naka NVMe ne ko SATA don gidajen sun bambanta.

Amma ga inda mutane ke faɗawa rami. Windows 11 a na'urori da yawa tana kulle SSD da kanta in ka shiga da asusun Microsoft, abin da ake kira BitLocker. Muddin katin yana kan bod ɗinsa ba za ka ma san da kullen ba. Ranar da aka kai shi wata kwamfutar, ko aka canza bod, sai ya nemi mabuɗi mai lamba 48. In babu shi, babu mai gyaran da zai buɗe maka, komai ƙwarewarsa. A wurin aikina na ga wadda ta rasa takardun shekara uku a haka, saboda wanda ya ɗora mata Windows da imel ɗinsa ya shiga, kuma an neme shi an rasa. Yanzu-yanzu ka ɗauki wayarka ka shiga asusunka na Microsoft, wajen na'urori, ka nemi mabuɗin. Da imel ɗin wa kake shiga laftof ɗin?

Abba
Gabana ya faɗi da na karanta wannan. Mai shagon ne ya ɗora min Windows, amma ina tuna daga baya na shiga da imel ɗina saboda Word. Bari in duba.

Abba
Alhamdulillah yana nan, Anti! Lambobi rukuni takwas, kowanne shida. Na rubuta a bayan littafina, na kuma ɗauki hoto.

Anti Maryam
Madalla. Kada ka turo shi nan, kada ka bai wa kowa.

Mubarak (Talata, 10:20 na safe)
Mun gwada da tawa. Da sokawa fitilarta ta mutu. Sau ɗaya muka yi kamar yadda Malam ya ce. Na mayar da ita jikin tawa laftof ɗin tana caji lafiya lau.

Sadik
To na sallama, akwai abu a ciki. Amma in haka ne ina jin garafik ɗin, cif mai kula da hoto, shi ne ya tafi. Laftof ɗin wasa ai nan ne ajalinsu.

Usaini
In garafik ne da sauƙi. Akwai wani yaro da na sani, bulowa mai hura iska mai zafi yake sa wa ya gasa cif ɗin minti kaɗan, sai ka ga ta tashi. Kuɗin ma ba wani abu ba ne. Ya yi min a tsohuwar tawa. Abba in kana so in haɗa ku yau ɗin nan.

Malam Kabiru
Usaini, don girman Allah kada a kai laftof ɗin nan wajen gashi. Bari in gaya muku inda al'adar nan ta samo asali, don ina cikin sana'ar lokacin. Wajen 2007 da 2008 an fitar da wasu cif-cif na garafik masu rauni a mahaɗar dalmarsu. Laftof ɗin sai ta kama, fanka na juyawa, amma allo babu hoto. In aka hura wa cif ɗin zafi, mahaɗar da ta tsage takan ɗan koma, hoto ya dawo na wasu makonni. Daga nan yara suka ɗauka bulowa maganin kowace cuta ce. Ko a wancan lokacin ma ba gyara ba ne, jinkirta mutuwa ne.

Ta Abba kuwa ba ma irin wannan ciwon ne da ita ba. Ku riƙa raba abu biyu: wadda ba ta karɓar wuta sam, da wadda ke karɓa amma ba ta nuna hoto. Ta biyun za ka ji fanka, ka ga fitila, in ka danna Caps Lock wani lokacin hasken ya amsa. Ita ce ake cire wa RAM, katin ajiya ta wucin gadi, a goge a mayar, a gwada ɗaya-ɗaya, a jona ta da talabijin ta HDMI. Ta Abba ta farkon ce. Ko RAM ɗin duka aka cire, laftof mai lafiyar wuta sai ta kawo fitila. Zafin bulowa ba ya warkar da shot. Abin da zai yi shi ne ya lanƙwasa bod, ya narkar da ƙwayoyin dalmar da ke ƙarƙashin cif su haɗe da juna, gyaran da zai ƙare a abu ɗaya ƙarami ya koma sayen sabon bod.

Usaini
Ni dai tawa ta tashi, Malam. Abin da idona ya gani nake faɗa.

Malam Kabiru
Na yarda ta tashi. Wata nawa ta yi?

Usaini
Kamar uku. Daga nan ta sake ɗaukewa, aka sake gasawa ba ta tashi ba.

Nura mai sola
Ni ba mai gyaran kwamfuta ba ne, amma wuta sana'ata ce, kuma babu wanda ya tsaya kan janaretan nan. Caja ta gaskiya an yi ta ne ta karɓi daga bolt 100 zuwa 240, ku duba jikinta za ku gani. Don haka raunin wuta bai cika damunta ba, shi ya sa stabilaiza ba ta ƙara mata komai sosai. Abin da ke kashe kaya shi ne tsallen wuta na ƙiftawar ido. Ƙaramin janareta yana yin sa lokacin da aka tashe shi, da lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana shiɗewa yana dawowa, da kuma lokacin da wani abu mai nauyi ya sauka daga kansa kwatsam. Abba, me da me ke kan injin a daren?

Abba
Fankoki, da ƙwayaye, da talabijin. Sai ƙaramin firij na Umma, wanda aka manta ba a zare ba.

Nura mai sola
To ka ji. Firij yana kamawa yana saki da kansa. In ya kama injin ya durƙusa, in ya saki wuta ta yi sama kafin injin ya daidaita. Caja mai nauyi tana da kayan tace irin wannan a cikinta, nauyin da kake ji ke nan. Mara nauyin an zare mata su don ta yi araha, abin da ya shigo sai ta miƙa shi gaba. Stabilaiza ba ta da saurin tare wannan, kafin ta motsa ya wuce. Ekstenshan mai kariyar tsallen wuta shi ne ya fi kusa, amma na gaske, don yawancin na kasuwa makunni da jar fitila kawai ke cikinsu. Abin da nake gaya wa duk gidan da na yi wa aiki: in za a tada inji ko a kashe, ko an dawo da wutar gari za a juya, a zare kayan lantarki masu tsada tukuna. Laftof tana da batir, minti biyar ba za su kashe ta ba.

Sadik
Amma Oga Nura, da batir kaɗai wasa ba ya tafiya, gudun yana faɗuwa sosai.

Nura mai sola
Minti biyar na ce, Sadik, ba dare guda ba. Ka tsayar da wasan.

Abba (Talata, 3:40 na yamma)
Na shiga kasuwa da ita bayan azahar. Shagon farko da na tsaya, mutumin ya soka caja, ya ga ta mutu, ya ce bod ya ƙone sai sabo, kuma sai an yi oda daga Legas. Kuɗin da ya faɗa ya haura rabin abin da na sayi laftof ɗin. Ko murfin bai buɗe ba. Na ce zan yi shawara na ɗauko kayata. Malam Kabiru, in ba damuwa in kawo maka ita?

Malam Kabiru
Ka kyauta da ba ka bar ta ba. Kawo ta gobe da safe, zan turo maka kwatance ta gefe. Amma zan rubuta a nan abin da ya kamata a yi, don wanda yake Hotoro ko Naibawa ko wani garin ma ba sai ya zo wurina ba, ya san abin da zai nema a wurin mai gyara.

Da an buɗe murfi, soket ɗin batir ake fara cirewa kafin a taɓa komai. Sai a cire SSD a ba mai ita. Sai a duba da ido da hanci, ko akwai wurin da ya yi baƙi ko yake ƙauri. Daga nan mita. Ana fara awo daga ramin caja, a wuce mosfet guda biyun da ke bakin ƙofa, wato ƙananan makunnan da ke buɗe wa wuta hanya, a isa babban layin da ke rarraba bolt 19 ɗin nan na caja ga sauran sassa. Layi mai lafiya awonsa da negatif yana da yawa, dubban om (ma'aunin yadda layi ke tare wuta). In mita ta nuna kusan sifili, shot yana nan. In babu shot, sai a duba ko ana samun bolt 3.3 da bolt 5, waɗanda ya kamata su kasance tun kafin a danna maɓalli, don da su ɗan cif ɗin da Ummi ta ambata yake rayuwa.

Akwai kuskuren da sababbin masu gyara ke yi. Layin da ke ciyar da furosesa da na garafik dama can awonsu ƙasa yake, om kaɗan, mita har kuka take yi a kansu alhali lafiyarsu ƙalau. Yaro sai ya ji kukan ya ce garafik ya ƙone. Da yawan bod ɗin da aka yanke wa hukunci a garin nan haka aka yi musu.

In an tabbatar da shot a babban layi, ba caja ake sokawa a nemo shi ba. Fawa sufulai ake sa wa, na'urar da mai gyara ke saita yawan wutar da za ta fitar, a ba layin bolt ɗaya kacal da ɗan am (yawan wutar da ke gudana) kaɗan, a ga abin da zai ɗumama, ko da sifirit a ga inda ya fara bushewa, ko da kyamarar zafi ga mai ita. Dalilin bolt ɗaya: in mosfet ɗin da ke ciyar da furosesa ko garafik ne ya haɗe, duk abin da ka zuba a layin kai tsaye zai isa cif ɗin, shi kuma wajen bolt ɗaya yake aiki da shi. Ka ba shi 19 ka gama da shi. Shi ya sa na hana Abba ci gaba da sokawa.

Ba zan ɓoye maka ba ƙanena. In kafasita ce ta haɗe, wato ɗan ƙaramin abin da ke riƙe wuta yana daidaita ta, abin murna ne. In mosfet ɗin garafik ne, zai yiwu wutar ta riga ta isa cif ɗin tun daren jiya, a nan ne maganar sabon bod za ta zama gaskiya. Mita ce za ta raba gardama.

Abba
Allah ya sa kafasitar ce. Sai na zo, Malam.

Ummi
Amin. Malam, tunda ana maganar batir, tawa kwanan nan wajen linzamin jikinta ya ɗago sama, dannawa ma da ƙyar. Yana da alaƙa?

Malam Kabiru
Batirinki ne ya kumbura, 'yata, yana ƙarƙashin wurin ne yana turo shi. Ki daina cajinta yau, kada ki danne wurin don ya koma, kada ki bar ta a mota ko a rana. A cire shi a canza, kuma kada kowa ya huda shi, wuta yake kamawa. Wannan ya fi na Abba gaggawa.

Malam Kabiru (Laraba, 1:15 na rana)
Ga bayanin laftof ɗin Abba, da izininsa. Babban layi ya nuna ƙasa da om ɗaya. Mosfet ɗin bakin ƙofa lafiya. Na ba ta bolt ɗaya, sai ga wata 'yar kafasita kusa da sashen da ke ciyar da garafik ta ɗau zafi, girmanta bai kai ƙwayar shinkafa ba. A ƙarƙashin gilashi an ga tsaga a gefenta. Da na ɗage ta awon ya haura yadda ya kamata. Na sa wata mai awo ɗaya da ita, na bi mosfet ɗin garafik da na furosesa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya haɗe. Na kunna, ta yi kusan minti ɗaya allo baƙi, wanda ba abin tsoro ba ne bayan an raba ta da batir, sannan tambarin ya fito.

Sadik, ga rabonka na gaskiya. Da na ɗaga fankokin, abin da na tarar tsakaninsu da ragar da iska ke fita kamar bargo ne, ƙurar hunturu biyu ta haɗu da zaren katifa. Kusan rabin hanyar iskar a toshe. Man da ke kan furosesa ya bushe ya zama kamar alli. Irin waɗannan kafasitocin na tangaran ne, suna tsagewa in bod yana yawan ɗaukar zafi yana hucewa, ko in ana ɗaga laftof da hannu ɗaya daga kusurwa yana lanƙwashewa. Mai tsaga kuma in wuta ta yi tsalle ita ce ke fara tafiya. Cajar tasa na ɗora mata kaya a kan tebur, tun kafin ta kai rabin abin da aka rubuta a jikinta wutarta ta fara zubewa. Na ce kada ya sake amfani da ita.

Sadik
Alhamdulillah. To ashe kowa da gaskiyarsa. Malam, sau nawa ya kamata a riƙa share fankar? Ni da bulowar aski nake hura tawa ta waje.

Malam Kabiru
A Kano, sau ɗaya bayan hunturu ya wuce kafin zafin Maris ya kankama, wannan dole ne ga mai wasa. Hurawa ta waje tura ƙurar ciki take yi, bargon nan sai an buɗe an ɗauke shi da hannu. In za a hura, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙa'ida. Kuma a gaya wa mai gyara kada ya zubar da 'yan katifun da ke kan ƙananan cif-cif na gefe, kauri gare su na musamman. Masu wasu ROG, laftof ɗin wasa na ASUS, ku ƙara kula, akwai waɗanda ba man da muka sani ke kan furosesarsu ba, narkakken ƙarfe ne, kuma wuta tana bi ta cikinsa. Ɗigo ɗaya ya zuba a kan bod ya isa ya jawo irin abin da muka kwana biyu muna magana a kai.

Usaini
Na ji, na kuma gode. Tsohuwar tawa tana nan a kwali, ko za a iya dubawa?

Malam Kabiru
Kawo ta in gani, amma wadda aka gasa sau biyu ba na yi maka alkawari. Ko SSD da RAM ɗin aka tsira da su an rage asara.

Anti Maryam
Abba, kafin ka buɗe komai a laftof ɗin nan, babi na huɗu da zanen su tafi wuri biyu.

Abba (Laraba, 9:30 na dare)
Na yi, Anti. Suna filas, suna Google Drive, na kuma tura wa kaina ta imel. Da aka mayar da SSD ɗin ma bai nemi lambobin ba, amma suna nan a littafina. Batirin da farko ya tsaya a sifili ya ƙi motsi, Malam ya ce in bar shi a jone, bayan kamar rabin awa ya fara hawa, yanzu yana kashi 63. Fankar ma ba ta ihun da take yi da. Na gode Malam Kabiru, na gode Anti, Oga Nura, Ummi, Sadik, kowa da kowa, Allah ya saka da alheri. Mubarak ya bar min cajarsa zuwa Juma'a, shi zai yi amfani da ta ƙaninsa. In akwai wanda ya san inda zan samu ta asali mai wat 180, ko ta hannu ce, ya yi min magana ta gefe, Malam ya ce in kai masa ya gwada ta kafin in biya.

Ummi
Ni ma gobe zan kai tawa a cire batirin. Malam, ƙarfe nawa kake buɗewa?

Malam Kabiru
Tara da rabi in sha Allah. Ki zo da ita a kashe, kada ki cusa ta a jaka tare da littattafai.